Land Cruiser mai injin 1HZ ba ta tashi da safe, kuma tana mutuwa a rairayi: laifin injekta ne?

Wani direba da ke jigilar kaya da fasinja daga Gashuwa zuwa ƙauyukan cikin rairayi na yankin Yusufari ya aiko da tambaya a kan motarsa, Land Cruiser a-kori-kura ƙirar 1996 mai injin dizal 1HZ. Ya ce tun shigowar hunturu motar ba ta tashi da safe sai ya buɗe bonet ya yi ta danna ɗan famfon hannun da ke kan filta, amma da zarar ta tashi, duk yinin ranar taɓa makulli ɗaya take tashi. Daga baya wata matsalar ta ƙaru: idan ya ɗauko kaya ya shiga rairayi ko ya tasam ma tudu, sai ƙarfinta ya riƙa raguwa, ta yi ta shessheƙa har ta mutu, in ya jira kamar minti goma kuma ta tashi kamar ba abin da ya faru. Ya canza filta sau ɗaya bai ga bambanci ba. Bakanikensa ya ce injekta, wato famfon da ke raba wa silindojin inji mai da matsi, ita ce ta gaji, a cire ta a kai Kano, shi kuma yana so ya tabbatar kafin ya kashe kuɗin.

Malam, Allah ya ba da sa'a. Shawarata ita ce kada ka bari a kwance injektar nan tukuna. Mota mai shekaru irin na taka tana iya gajiyar da injekta, ban musa ba, amma alamomi biyun da ka bayyana sun fi nuni ga hanyar da mai ke bi daga tanki kafin ya iso gare ta, kuma gwajin wannan hanyar ba zai ci maka fiye da kuɗin tiyo mita ɗaya da jarka mai tsabta ba. A shekarun da na yi ina aikin injin dizal, da yawa daga injektocin da aka kawo mini da sunan sun lalace lafiyarsu ƙalau, laifin tsagaggen tiyo ko ƙazamin tanki aka ɗora musu.

Injin 1HZ, wanda Toyota ta fara sakawa a Land Cruiser a 1990, silinda shida ne a jere, lita 4.2, ba shi da turbo, kuma ba kwamfuta ke raba masa mai ba. Injektarsa irin mai juyawa ce da ake kira VE, asalin zanenta na kamfanin Bosch ne, Denso ke ƙera wa Toyota. Abin da za ka riƙe game da ita shi ne babu famfon lantarki a cikin tanki da ke turo mata mai kamar yadda yake a motocin fetur na yanzu. Ita da kanta take zuƙo man da wani ƙaramin famfo da ke cikinta, tun daga tanki, ta bututun ƙarfen da ke bin shasi, ta filta, har ya shigo mata. Duk wanda ya taɓa zuƙo mai daga duro da tiyo ya san cewa in tiyon yana da huda, ko da ta kan allura ce, iska zai yi ta sha, man ba zai hau ba. Haka abin yake a nan, kuma tun da zuƙa ake yi a hanyar, hudar da ke shigar da iska ba lallai ta ɗigar da mai waje ba. Bakanike zai leƙa ƙarƙashin mota ya ga ko'ina a bushe, ya ce hanya lafiya, ya koma kan injekta.

Dubi matsalar safe da wannan idon. Mota ta kwana, iska ta samu ƙofa a wani wuri mai tsayi, galibi a wajen filta, man da ke cikin bututu ya sulale ya koma tanki saboda tankin yana ƙasa. Da safe injekta ta tarar da iska, kai kuma da ka danna famfon hannu ka dawo mata da man, sai ta tashi. Da rana ba ta tsayawa tsawon da man zai koma, shi ya sa ba ka ganin matsalar. Sanyin hunturu yana busar da tsohuwar roba ya sa ta ƙanƙance, don haka ba abin mamaki ba ne da abin ya fara a wannan lokacin. Da a ce cikin injekta ne ya cinye, danna famfon hannu ba zai yi maka maganin komai ba, kuma gajiyayyiyar injekta ta fi ba da wahala idan inji ya yi zafi, akasin abin da taka ke yi.

Mutuwar cikin rairayi kuwa yunwar mai ce. A ƙaramar giya, totur a ƙasa, inji na juyawa da sauri, lokacin ne zuƙar ta fi ƙarfi, kuma in akwai toshewa a hanya lokacin ne za ta bayyana. Da inji ya mutu zuƙar ta saki, dattin da ya manne a bakin bututu ya faɗi, ko iska ta sulale cikin tanki a hankali, minti gomanka ke nan. Sau da yawa matsalolin biyu uwa ɗaya ta haife su, domin toshewa tana ƙara ƙarfin zuƙa, zuƙar kuma tana buɗe duk inda yake da rauni a hanyar.

Kafin ka ɗauki sifana, ka lura da abu biyu a karo na gaba da ta yi maka. Na farko yadda take mutuwa: motar da mai ya yanke mata a hankali take mutuwa, ƙarfi na raguwa, tana fizga, amma wadda ta ɗauke ɗif kamar an murɗa makulli, a duba lantarkin solinoyid, wato ɗan makunnin da ke bayan injekta mai waya guda, wanda ke buɗe wa mai hanya idan an kunna makulli. Ka sa wani ya murɗa makulli kai kana kusa, za ka ji ya yi ƙas. Wayarsa takan saki saboda girgizar hanya. Na biyu hayaƙin salansa lokacin da kake ba ta kik da safe kafin ka taɓa famfon hannu. In babu hayaƙi sam, mai ba ya isa silinda. In farin hayaƙi ne mai warin ɗanyen gas da ke sa ido yaji, man yana isa amma ba ya kamawa, hankali sai ya koma kan hita, wato 'yan sandunan lantarkin da ke ɗumama wurin ƙonewar mai kafin a tayar da inji, da ƙarfin matsin silinda. Baƙin hayaƙi a ƙarƙashin kaya yana nufin iska ta yi wa man kaɗan, kuma a ƙurar yankinku filtar iska ce farkon abin tuhuma. Shuɗi man juye ne ke ƙonewa, wannan wani babi ne daban.

Gwaji mafi arha shi ne murfin tanki. Da ta mutu a rairayi, sauka nan take ka buɗe murfin kana saurare. In ka ji dogon tsaki na iska tana kutsawa ciki, tankin ba ya numfashi, kuma injekta ba za ta iya zuƙo mai daga rufaffen tanki ba. Ka bar murfin a sassauce ka ƙarasa tafiyar ka gani. Laka tana toshe ƙofar numfashin, kuma na taɓa cire gidan zanzaro cur daga bakin ɗan tiyon numfashin wata mota da ta yi damina a ajiye. A lokacin kuma ka dubi famfon hannun kan filta: in ka tarar ya lotsa ciki da kansa ya ƙi tasowa, toshewa ce tabbas, ko dai a filtar ko a hanyar da ke zuwa mata.

Ka ce ka canza filta. Ina so ka tuna ko wahalar safen ta fara kafin canjin ko bayansa, domin canjin filta da kansa yakan jawo shan iska. A gindin filtar akwai wani abin roba mai waya biyu, shi ke kunna fitila a dashbod idan ruwa ya taru, kuma ana kwance shi daga tsohuwar a mayar wa sabuwa. Zoben robarsa ya kamata a sabunta, in kuma aka ɗaure shi da filaya da ƙarfi yakan tsage. A sama ma tsohuwar robar filta takan maƙale, a ɗaura sabuwa a kanta, su zama biyu. Filtar jabu kuwa ba ta rasa ɗayan biyu, ko ta toshe da wuri ko ta bar datti ya wuce. Sassauta magudanar da ke gindin, ka tara farar kwalba, ka danna famfon hannu har ta kai rabi, ka ajiye ta a inuwa na ɗan lokaci. Ruwa ya fi gas nauyi, zai kwanta a ƙasa da iyakarsa a fili. Baƙar yauƙi kamar majina alama ce ta ƙwayoyin da ke rayuwa a mahaɗar ruwa da mai a cikin tanki, kuma suna iya toshe sabuwar filta cikin 'yan kwanaki. Jan gari tsatsar tanki ce. In ka ga ƙyalli kamar garin ƙarfe, gwada shi da maganaɗisu, ka kuma ajiye wannan a ranka, zan dawo kansa.

Yanzu ga gwajin da na fi dogara da shi. Cire tiyon da ya tashi daga filta zuwa injekta, ka tafi da shi kasuwa a ba ka farin tiyo mai nuna ciki daidai faɗinsa, amma ya fi shi tsawo. Ɗaura shi da kilif masu kyau, ka lanƙwasa tsakiyarsa sama kamar baka, ka danna famfon hannu har ya yi tauri, ka tayar da mota. A mintunan farko za ka ga kumfa, wannan iskar da ta shiga lokacin aiki ce. Bayan ta wuce, man ya kamata ya gudana garau. In ƙananan kumfa suna ta wucewa a jere kamar carbi, kuma suna ƙaruwa idan an taka totur, ka kama ɓarawonka. Bar tiyon ya kwana a jiki. Da asuba, kafin ka taɓa komai, haska shi da tocila: in saman bakan ya zama fanko, man yana komawa tanki da dare. Wannan tiyon na gwaji ne kawai, zafi da gas suna busar da shi, kada ka bar shi ya zama na dindindin.

Sanin cewa iska tana shiga rabin aiki ne, saura gano ƙofarta, kuma a nan jarka take shigowa. Zuba gas mai tsabta lita biyar zuwa goma a jarkar da ba ta taɓa ɗaukar ruwa ba, ka cire tiyon da ya fito daga tanki a bakin filta, ka sa wani daga jarkar a madadinsa. Tiyon da ke mayar da rarar mai tanki shi ma ka juyo shi cikin jarkar, domin injekta tana zuƙar fiye da abin da inji ke ƙonawa, in ka manta jarkar za ta ƙare cikin ɗan lokaci. Ɗaure ta da kyau nesa da salansa da batir, ka ɗora kaya, ka nufi tudun da ya saba kashe ta. In ta haye lafiya kuma kumfa ta ɗauke, injekta da filta sun fita daga zargi, laifin yana tsakanin tanki da filta. In kumfar tana nan, kan filtar ne, kuma a tsofaffin Land Cruiser wannan shi na fi yawan kamawa. A cikin famfon hannun akwai fatar roba da ƙananan bawuloli biyu, shekaru suna tsattsaga fatar, bawulolin kuma su daina riƙe mai. Alamarsa ita ce ka yi ta dannawa ya ƙi yin tauri, ko ka ga danshin gas a gefen madannin. Ba a cika samun nasarar gyara shi ba, sabon kai ake saya.

Idan gwajin ya nuna baya, bi bututun ƙarfen da hannu tun daga gaba, musamman ƙarƙashin maɗauran da suka riƙe shi da shasi, inda laka ke kwana ta ci ƙarfen. Lanƙwasa kowane guntun tiyon roba ka ga ko bakinsa ya tsattsage. In motarka mai tanki biyu ce, bawul ɗin da ke sauya tanki shi ma ƙofa ce, kuma gwada ta a kan kowane tanki daban zai gaya maka abu mai yawa. Sannan buɗe murfin tanki ka hura iska a hankali ta bututun zuwa baya har a ji gurgur a ciki. In bayan haka motar ta yi kwana ɗaya ko biyu lafiya sannan ta koma gidan jiya, rariyar bakin bututun cikin tanki ce ke toshewa, kuma babu makawa sai an sauke tankin an wanke. Wata a-kori-kura da aka taɓa kawo mini an riga an kai injektarta gyara sau biyu, an canza nozuloli, wato bakunan da ke fesa mai cikin inji, ba ta daina mutuwa ba. Da muka sauke tanki muka juye shi a baho, sai ga guntun baƙar leda kamar tafin hannu. Murfin tankin ya ɓace wata rana a hanya, yaron mota ya toshe bakin da leda da tsumma, wani yanki ya faɗa ciki. Yana yawo a cikin man, in zuƙa ta yi ƙarfi ya manne a bakin bututu, in inji ya mutu ya saki.

Hanyar komawar mai ma tana shigar da iska da dare, ta wasoshin siririn bututun da ya haɗa kawunan nozuloli ko ta guntun tiyon ƙarshensa. Kuma in an taɓa kwance injektar a baya, a duba notin nan mai huda da ke kan mafitar rarar mai, wanda aka rubuta wa OUT. Hudarsa ƙarama ce da gangan, ita ke riƙe matsin cikin injekta, kuma sa wani noti a gurbinsa yana rikita aikinta duka.

Za a ba ka shawarar ɗaura ɗan famfon lantarki kusa da tanki. Yana da amfani wajen bincike, domin yana mayar da zuƙa ta zama turi, hudar da ke ɓoye sai ta fara ɗiga a gan ta. Barinsa a matsayin magani kuwa rufe ciwo ne da bandeji, kuma ranar da ya ƙone a tsakiyar rairayi shi kansa zai zama toshewa.

In hanyar mai ta fita tsaf amma safiya tana ba da wahala da farin hayaƙi, a koma kan hita. Wannan injin a wani ɗan ɗaki na cikin tof silinda yake fara ƙona mai, don haka yana bukatar hitocinsa shida da sanyin safiya fiye da injinan da ke fesa mai kai tsaye a kan fistin. A cire ƙarfen da ya haɗa su, a auna kowace da mitar auna lantarki, wadda ba ta nuna komai ba, to ta mutu. A sayi masu lamba daidai da na motar, domin ƙarfin wutarsu ya bambanta daga ƙira zuwa ƙira. Batir mai rauni da wayar as (wadda ta haɗa batir da jikin mota) mai tsatsa suna rage saurin kik, dizal kuwa da zafin matsi yake kamawa, in juyin ya yi sanyi ba zai tashi ba. Kada ka riƙe kik fiye da daƙiƙa goma sha biyar a jere. Kuma ina roƙonka ka hana yara fesa maganin sauro ko kanga tsumman fetur a bakin shan iska, domin yana fashewa a kan hita mai zafi kafin lokaci, ya karya ringi.

Nozul ba ya kashe mota a tudu ya bar ta ta tashi bayan minti goma. Nasa alamun su ne karkarwa a silo, ƙara kamar ana buga guduma, hayaƙi da shan mai. Ana gano mai laifi ta sassauta notin bututun kowane nozul ɗaya bayan ɗaya inji na silo, an rufe wurin da tsumma: wanda aka sassauta sautin inji bai canza ba, silindarsa ba ta aiki. A kan na'urar gwaji, nozul ɗin 1HZ da aka yi aiki da shi ya kamata ya buɗe tsakanin 135 da 155 a ma'aunin kg/cm², ya fesa kamar hazo, ya yanke ba ɗigo. Kada kowa ya sa hannu gaban feshin, yana huda fata, kuma wanda ya same shi asibiti zai nufa a ranar ko da raunin bai fi cizon sauro ba. Matsin silinda a littafin gyaran Toyota 37 ne a wannan ma'aunin, mafi ƙaranci 27, bambanci tsakanin silinda kada ya wuce 5.

Injektar da ta gaji da gaske tana da nata shaidun. Mota ta tashi da safe lafiya, amma in ta yi zafi aka kashe ta a tasha ta ƙi tashi sai ta huce ko an tura ta. A irin wannan hali, in aka zuba ruwan jarka a hankali, ba mai ƙanƙara ba, a kan bayan injektar inda bututu shida suka fito, ta kuma tashi nan take, ƙarfen ciki ya cinye. Gas yana tsattsafowa daga murfinta na sama ko daga sandar totur. Man juye yana ƙaruwa a geji maimakon raguwa, ya tsinke, yana warin gas, wanda ke nuna robar gaban injekta ta saki tana zubar da mai cikin inji, kuma wannan ba a tafiya da shi ko kilomita ɗaya, domin yana cinye metal, yana kuma iya sa inji ya ɗauki gudu da kansa ya ƙi mutuwa. Sai garin ƙarfen da na ambata, musamman in an same shi a kan solinoyid idan an kwance shi. Dalilin cinyewar kusan kullum ɗaya ne: wannan injekta ba ta da man shafawa sai gas ɗin da ke ratsa ta, don haka ruwa da gas ɗin da aka yi wa algus da kananzir suna barin ƙarfe yana gugar ƙarfe. Wanda hanya ta tilasta wa sayen man duro ya bar shi ya kwana ya kwanta, ya zuƙa daga sama, ya bar na gindi, ya kuma riƙa tsiyaye filta duk mako.

Akwai wani sukurun a jikin injekta da masu gyara ke son murɗawa da sunan ƙara mata mai idan mota ta rasa ƙarfi. Kamfani ya kulle shi da dalili. A injin da ba shi da turbo, ƙarin mai ba tare da ƙarin iska ba baƙin hayaƙi ne da zafi, zafin kuma shi ke tsaga tof silinda. Motar da yunwar mai ke damunta ba za ta warke da wannan sukurun ba.

In duk gwaje-gwajen nan sun wanke hanyar mai, kuma ɗaya daga shaidun injekta ya bayyana, to a cire ta. Kafin a kwance a duba alamar da ke tsakanin jikinta da mazauninta, a toshe bakin kowane bututu da leda mai tsabta a ɗaure ta waje, a haɗa ta da nozulolin shida a kai tare, wurin da ke da injin gwaji, ka kuma nemi a gwada ta a gabanka kafin a buɗe ta. Wajen mayarwa a saita taimin da agogon awo, da adadin da ya dace da shekarar injinka, domin ya bambanta tsakanin na farko da na baya. A wanke tanki, a hure bututu, a sa sabuwar filta a ranar, kuma a cika ta da famfon hannu maimakon a tuttula mata gas daga jarka, wanda zai wuce cikin injektar ba tare da an tace shi ba.